Gwangwanin da Hajiya ta ƙi dannawa

Ɗiyar ƙanwata ta yi karatun na'urori a Damagaram, irin karatun da idan ka tambaye ta me take koyo sai ta fara auna abin da kanka zai iya ɗauka. A shekararta ta ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya ƙera wani abu, ya gwada shi a kan mutane, malami ya zo ya ga yana aiki da idonsa. Wanda nasa ya ƙi, zai maimaita shekara. Abokan karatunta suka tsaya a birni. Ita kuwa ta shigo motar Matameye, domin a ganinta mutanen gida sun fi sauƙin juyawa. Na koyar da Faransanci a garin nan har kaina ya yi fari, kuma da ta tambaye ni da na faɗa mata gaskiya. Ba ta tambaya ba.

Abin da ta ƙera wasa ne na waya. Wayar zamani ta san inda mai ita yake tsaye, abin da shi kansa ba kullum yake sani ba. Sai ta sa taswirar gari a ciki, ta ƙago labarin wata akuya da ta tsinke igiya. Mai wasa zai bi sawun akuyar da ƙafarsa: daga tasha, zuwa gindin itacen bedin da nake zama da hantsi, har ƙofar gidan da akuyar ta ɓuya. Duk inda ka isa, wayar ta yi ɗan ƙara ta nuna maka gaba. A sama kuma agogo yana gudu. In ya ƙare ba ka kai ba, kura ta cinye akuya.

Ta tara 'yan lise, wato 'yan sakandare, maza da mata, ta saka musu wasan a wayoyinsu. Kura ba ta taɓa ƙoshi irin na wannan mako ba.

"Kawu, wallahi ban gane ba," in ji ta. "Da kaina na auna hanyar. Ko mai ɗingishi ya kamata ya isa."

"Yaushe kika auna?"

"Da sassafe, kafin mutane su fito."

"To ai kin auna gari ba mutane a ciki."

Na ce ta zo mu bi bayan ɗaya daga cikinsu. Lokacin rani ne, yawancin magidanta sun tafi Kano da Legas neman na kansu, saboda haka duk yaron da ya gilma a titi gidan rediyo ne. Yaron nan bai yi nisa da tasha ba ya ci karo da baffansa. Ya durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, yaya mutanen gida, babanka ya bugo waya kuwa, ya ce yaushe zai dawo, ƙafar nan tasa ta warke? Ya miƙe ke nan sai ga maƙwabciyarsu. Kafin ya kai gindin bedi kura ta gama, har ta sha ruwa. Mutum ɗaya tak ya taɓa riga agogo, shi ma don ya wuce gwaggonsa a guje kamar bai san ta ba. Labari ya riga shi isa gida, uwarsa ta karɓe wayar.

Yarinyar nan ba ta da saurin karaya. Ta cire agogon gaba ɗaya. Ta samo gwangwanayen madara, ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta yini tana liƙa ƙananan wayoyin lantarki da dalma har gidan ya cika da ƙauri. Kowane gwangwani ta sa masa pil, wato batir, a ciki, da buton ɗaya a kan murfi, da 'yar fitila koriya. Sabuwar dokar ita ce: isa wuri bai wadatar ba. A kowane zango akwai babba mai riƙe da gwangwani. Sai ka gaishe shi, ya gamsu, ya danna buton, gwangwani ya sanar da wayarka, sannan hanya ta buɗe. Gaisuwar da ta kashe wasan, ita ta zama wasan. Na yaba mata ƙwarai. Abin da ban faɗa ba shi ne, ta miƙa mulki ga tsofaffi ba tare da ta rubuta ranar saukarsu ba.

Mai shayin tasha ya samu ɗaya. Ni na samu na biyu, kuma tsoffin ɗalibaina da 'ya'yansu sun gano cewa jujjuya fi'ilin Faransanci bai mutu ba, barci yake. Na ƙarshe, na gidan da akuya ta ɓuya, ta kai wa Hajiya.

Hajiya ɗiyar gwaggona ce, wato taubashiyata, wadda tun muna yara aka halatta mana mu tsokani juna ba a jin haushi, ni in ce ni ne ubangida, ita baiwa. 'Ya'yanta maza duk sun tafi cin rani, gidan ya rage daga ita sai kaji. Ranar farko wani yaro ya gaishe ta, ta danna, wayarsa ta yi kukan akuya, ya yi tsalle ya fice ko sallama babu. Hajiya ta dubi ƙofa, ta dubi gwangwani. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma darasin nan sau ɗaya ta ji shi. Daga ranar ta ɗaure gwangwanin a bakin zanenta, ba ta sake dannawa ba.

Duk wanda ya iso, a ba shi tabarma da faifan gyaɗa ya yi ɓara. Wani ya gyara mata danga. Wata ta tsefe mata kai. Wani ya kira mata ɗanta na Kano da wayarsa, ta yi masa faɗa son ranta. In aka ce, "Hajiya, buton fa?" sai ta ce gaisuwar ba ta nuna ba tukuna. Abin mamaki, yaran ba su gudu ba, sai ma ƙaruwa suka yi, don wasan ya koma wa zai iya sa Hajiya ta danna.

Wannan bai amfani ɗiyata da komai ba. Malaminta zai zo ya bi akuyar da kansa, kuma sai ya ga ƙarshen wasan. Kayan haɗa wani gwangwani sun ƙare, daga Kano aka kawo su. Ta je ta durƙusa.

"Hajiya, don Allah, ranar da malamina ya zo ki danna masa. Shekarata ce a hannunki."

"Allah ya kai mu, 'yar nan."

Wanda ya san Hajiya ya san wannan addu'a ce, ba alkawari ba.

Ranar kasuwa malamin ya sauka a tasha. Matashi ne, ɗan gidan 'yan kasuwar Damagaram, riga a goge, yana gaisuwa kamar wanda mota ke jira. Mai shayi bai danna ba sai da ya ga ƙasan kofi. Ni tambaya ɗaya na yi masa, don tausayin 'yar ƙanwata, kuma ba zan faɗi yadda ya amsa ba. Daga nan muka rankaya gidan Hajiya, yara na biye da mu kamar ana kai amarya.

"Ina wuni, Hajiya?"

"Rana ba ta ko yi tsaka ba, ɗan nan. Zauna. A ba shi faifai."

Ya zauna. Ta tambayi unguwarsu, da sunan kakarsa, da dalilin da ya sa mai albashi yake da siririn wuya haka. Yana ɓarar gyaɗa yana amsawa, ɓawo na zuba a kan wandonsa. Can ya juyo wajen ɗalibarsa.

"Wasan naki yana da ƙarshe kuwa?"

Ita kuwa ta dubi bakin zanen Hajiya. Motocin Damagaram kuwa ba sa jiran malamai ranar kasuwa.

Sai na gyara murya, na yi magana da malamin, na kira shi Mushe irin na Faransanci, amma don kunnen da nake nufi.

"Mushe, ka yi mata uzuri. Ba ƙi ta yi ba. Yatsan ne ya tsufa. Tuntuni na ce kada a ba ta, abin nan na masu sauran ƙarfi ne."

"Wa ya tsufa?" in ji Hajiya. "Kai mai alli, da kai nake!"

"Ba abin kunya ba ne, baiwata. Kawo in danna miki, ai don irin wannan rana aka yi iyayen giji."

"Kai ne uban gidana? Kai da na goya, kana yi mini fitsari a baya?"

"Shi ya sa na ce kin tsufa."

Ta kwance bakin zane, ta ɗaga gwangwani daidai hancina, ta danna da babban yatsa har murfin ya loɓa. Fitila koriya ta kama. Wayar malami ta yi kukan akuya, yara suka ɓarke da ihu, kaji suka watse. Ɗiyata ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe fuska da mayafi.

Hajiya ta dubi fitilar, ta dube ni. Na ga lokacin da ta gane, kuma na ja da baya kaɗan, don muciya tana kusa da ita. Malamin ya miƙe yana kakkaɓe wando.

"Ina zuwa?" ta ce masa. "Akuya ce ta ƙare, ba gyaɗa ba."

Ya koma ya zauna, bai tashi ba sai da faifan ya ƙare. Motar yamma ya samu.

Yarinyar ta ci shekararta. Na ji an ce malamin ya yaba da wasan, sai dai ya ba da shawara a rage wa mai gwangwani na ƙarshe iko. Ba a samu wanda zai kai wa Hajiya wannan shawara ba. Gwangwanin yana nan a bakin zanenta, pil ɗinsa ya daɗe da mutuwa. In na je gidan na yi sallama, sai ta fito da shi ta ajiye a gabanta, ta turo mini faifai da ƙafa.