Hutuna a Bakin Kaskon Awara

A ajinmu na biyu na ƙaramar sakandare, a Sabon Gari, kowa ya san yadda ake insha'in Turanci: haddacewa ake yi. Akwai wani ɗan littafi mai koren bango da ake sayarwa a kasuwa, cike da insha'i shiryayye. In an ce a rubuta yadda aka yi hutu, sai aji guda ya tafi Legas, ya ga teku, ya dawo cikin farin ciki.

A zangon nan aka kawo mana sabuwar malamar Turanci, doguwa, 'yar kudancin Kaduna, kullum da jan biro soke a ɗankwalinta. Ita ta koya mana cewa sakin layi kamar kaza ne da 'ya'yanta: jimla ɗaya ce uwa, sauran suna biye da ita.

"In kun ga ɗan tsako yana bin agwagwa," in ji ta, "ku mayar da shi gidansu."

Ranar da ta ba mu aikin rubuta yadda muka yi hutu, ƙawata mai ara mini koren littafin ba ta zo ba. Dole na rubuta gaskiya. A Samaru na yi hutuna, a bakin kaskon awarar Innata, kusa da gidajen hayar ɗaliban jami'a. Na rubuta yadda Inna ke jefa ɗan gutsure a mai don ta ji ko ya yi zafi, da yadda ɗalibai ke cewa, "Mama, a ƙara yaji," da tsofaffin takardun lacca da muke naɗe awarar da su, waɗanda nake karantawa kafin mai ya ɓata su. Babu wanda ya san sana'armu a ajin. Sai da na miƙa littafin na tuna cewa Malama takan karanta aikin mutum a gaban kowa. Na riga na ji sunan da za a liƙa mini.

Ranar Litinin ta shigo, ta dire littattafanmu a tebur.

"Sannunku da dawowa daga Legas. Mota ɗaya kuka shiga dukanku? Direban nan ya sha wahala."

Aka kwashe da dariya. Sai ta zaro falle ɗaya daga jakarta, ta fara karantawa. Nawa ne. Ashe ta zauna ta kwafe shi da hannunta, don kada a gane bangon littafina. Ban ɗaga kai ba har ta gama.

"To, ina uwar kazar a sakin layi na biyu?"

"Malama, ni dai yunwa ta kama ni," in ji wata daga baya.

"Madalla. Tekunku kuwa ko ƙafata bai jiƙa ba."

"Wa ya rubuta, Malama?"

"Mai shi ya sani."

Ko sau ɗaya ba ta kalli inda nake ba. A ƙasan shafina kuwa, da jan biro, ta tambaya: me ke rubuce a takardun laccar? Ki ba ni sakin layi ɗaya.

Da aka fita tara, 'yan mata suka yi ta canke-canke. Ina kallon bakin takalmina na ce wa ƙawata, "Ni ce."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Shi ne ko ɗanɗane ba ki taɓa kawo mana ba? Gobe ki taho da ita. Da yaji."