Abin da Na Fara Kwashewa

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna a Lafiya. Ni mutum ne mai yawan dubawa. Ko ƙofar shago na kulle, sai na dawo na girgiza kwaɗon.

Wani manomin doya, ɗan ƙabilar Tibi, ya ɗauke ni aikin jana'izar mahaifinsa a wani ƙauye bayan Obi. Yayarsa tana kwance a asibiti ba ta samu zuwa ba, ita za a kai wa bidiyon. Na dawo na juye komai a faifan kwamfutata, irin sabon nan da ba ya juyawa ba ya ƙara, na share katin kyamara saboda wani aiki. Da safe na kunna, kwamfuta ta ce babu faifai a cikinta.

Na kai wa wani mai gyara a Azuba. Ya ce hotunan suna nan, ƴar manhajar da ke nuna wa faifan inda ya ajiye kowane abu ce ta rikice.

"In na sa masa sabuwa zai tashi, amma fanko," in ji shi. "Ko mu ba shi wuta kawai, mu ƙyale shi, wani lokaci yakan dawo hayyacinsa."

Ya jona shi a batir. Na zauna ina kallo. Na kai hannu in ji ko ya yi zafi.

"Malam, ka zauna a kan hannuwanka. Ba jinjiri ba ne."

A gwaji na uku sunan faifan ya fito.

"Ba zai daɗe ba," in ji mai gyaran. "Me za mu fara kwashewa?"

Ban yi dogon tunani ba. A wurinmu jana'iza ita ce salla da binnewa. Na ce ya fara da addu'ar coci da saukar da akwati a kabari. Suka fita lafiya. Muna tsakiyar na gaba faifan ya ɓace, bai sake fitowa ba. Daga baya aka sa masa sabuwar manhaja, ya tashi babu komai.

Manomin ya zo shago ya kalli abin da aka samu har ƙarshe, hularsa a gwiwa.

"Ina rawa? Ina surukai da suka kawo bijimin sa?"

Na gaya masa yadda aka yi.

"Oga, ai yayata ta san an binne shi," ya ce. "Wa ya zo, wa ya yi masa rawa, shi take so ta gani."

Bai yi faɗa ba. Ya karɓi abin da ke akwai, ya ce zai bi ƴan uwa ko wani ya ɗauki rawar a waya.