Na sa hannu a takardar da ba a cike ba

Shekarun baya, a wani zaɓen kansiloli, 'yan adawa suka naɗa ni wakilinsu a wani akwati nan unguwarmu ta Briqueterie. Ni tela ne, amma wata uku na rufe keken ɗinki ina bin gida-gida. Har mahaifiyata mai ciwon gwiwa na lallaɓa ta bi layi.

Ƙarfe shida aka rufe, aka juye akwati a gaban kowa, ana ƙirga ana ja da alli a allon ajin makarantar da aka yi zaɓen. Mun wuce masu mulki nesa ba kusa ba. Ina ta murmushi kamar ni ne ɗan takarar.

Sai aka kira magariba. Shugaban rumfar dattijo ne, aminin marigayi mahaifina. Ya turo min takardar sakamako, wadda muke ce wa PV, ba a rubuta komai a cikinta ba.

"Ɗana, sa hannu ka je ka yi salla. Kwafewa kawai ta rage."

"Baba, da dai an cike tukuna."

"Au, ni ne zan cuce ka? Ni na yanka ragon sunanka."

Kunya ta kama ni, na sa hannu. Ban ma lura shi bai tashi sallar ba. Kafin in dawo an goge allo tas, an tafi da takarda. Da sakamako ya fito, ƙuri'unmu a wannan akwati ba su kai yawan mutanen gidanmu ba.

Na ruga wurin lauyan jam'iyya ina kumfar baki. Ya ɗora yatsa a ƙasan takardar ya ce, "Malam, wannan sa hannun wa ne?" Na juya na koma gida. Mahaifiyata kuwa cewa ta yi, "Don wannan ka tsayar da ni a rana?"

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. In na ji ana cewa masu mulki ba sa kayuwa, haushi nake ji, domin da idona na ga sun faɗi a allo. Abin da muka rasa mutum ɗaya ne a kowane akwati, mai taurin kai, wanda ba zai motsa ba sai da kwafin sakamakon a aljihu. Addini bai ce in sa hannu ba, sallar ma da na so da na yi ta a cikin ajin. Kunyata aka sani, da ita aka yi aiki.

Dattijon yana nan. Sahu ɗaya muke tsayawa, kuma har yanzu ni nake fara gaishe shi.