Ruwan da Ya Kashe Tarwaɗa

Ranar da na sa aka fara haƙa rami a bayan gidana a Gusau, rabin unguwa sun rantse zinariya nake nema, sauran kuma suka ce taɓin hankali ne ya same ni da girma. Alhali gwiwoyin matata ne suka ƙi. In Hajiya za ta miƙe daga tabarma, ƙarar da suke yi har maƙwabta kan leƙo su ga ƙyauren wa ya ɓalle. Likita ya ce ta riƙa tafiya cikin ruwa mai kai mata ƙirji, don ya ɗauke mata nauyin jiki. To ina 'yar Tsafe mai jikoki za ta je ta yi haka? A otal, gaban ƙartai? Na ce in dai ruwa ne zan kawo mata shi har gida, mai baki ya yi ta faɗa.

Aka gina, aka manna tayil shuɗi, aka cika daga rijiyar burtsatse. Kwana biyu ina zagaya shi kamar wanda aka yi wa haihuwar fari. Kafin mako ya zagayo ya koma miyar kuka, tuwo kawai ya rage.

Injiniyan da ya haɗa famfon ya ce hanya biyu ce: ko in riƙa jefa ƙwayar kulorin, maganin tsabtace ruwa, ko a ɗaura injin da ke aiki da gishiri. Na ce gishiri na madafi ne, a ba ni ƙwaya. Ya ce in sa kaɗan. Ni kuwa tun da uwata ta haife ni ban taɓa yin abu kaɗan ba. Na zuba da hannu biyu, na ƙara na albarka. Washegari ruwa ya yi garau, amma warinsa ya sa ƙadangarun katangata suka yi ƙaura zuwa Bungudu.

Ina jin su ne suka kai wa Yayana labari. Manomi ne a Kekun Waje, can ƙasar Bungudu, ya ba ni shekara goma, kuma har gobe kallon wanda bai iya ɗaure wando ba yake yi mini. Sai ga shi da hantsi, riƙe da bokiti.

"Kai, mi kake zubawa cikin wanga tafki?"

"Ba tafki ba ne, Yaya, wurin ninƙaya ne."

"Rijiyar Baba shekara nawa munka sha? Ka taɓa ganin an sa mata magani? Tarwaɗa guda ta ishe ta. Ita ka cinye tsutsa, ita ka share ƙasa."

Kafin in buɗe baki ya juye bokitin. Tarwaɗa biyu, manya, da gashin baki kamar tsofaffin 'yan sanda. Kafin la'asar duk sun taso ciki sama.

Yaya ya tsamo ɗaya ta wutsiya, daidai lokacin da Hajiya ta kawo masa fura. Bai dube ta ba, ka san yayan miji da kunya, amma ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Tarwaɗa, wadda ka yin rani cikin taɓo ba ta mutu ba, ita wanga ruwa ya kashe. Nan za ka tsoma ɗiyar mutane? Cike ramin da ƙasa ka shuka alayyafo."

Yana fita Hajiya ta ce, "Alhaji, gara gwiwa mai ƙara da a tsamo ni ta wutsiya."

Nan fa ran maza ya ɓaci. Na ce ramin nan ba za a cike shi ba ko da Bungudu gaba ɗaya za ta zo da shebur. Na kira injiniya, aka kwashe ruwan aka ba shuka, shukar ma ta yi kwana uku tana hararata. Aka sake cikawa, aka ɗaura inji, aka sauke buhunan gishiri har direban ya tambaye ni ko shago zan buɗe.

Ranar zubawa Yaya ya dawo, ba wanda ya gayyace shi.

"Sa nawa za ka yanka? Miya har haka?" Ya ɗibi ruwan ya lasa, ya tofar. "To ka gama. Ruwan da ɗanɗanonsa ya sauya bai tsarki. Ko ka mance karatu?"

"Zaure ɗaya muka zauna, Yaya. Malam ya ce gishiri ɗan ƙasa ne, ba ya ɓata ruwa. Kuma ba alwala na ce ta yi a ciki ba, ga buta can."

"Iyakar abin da ka riƙe ke nan, inda ya dace da son ranka."

"Gidana ne, ramina ne, matata ce."

Tun da nake ban taɓa ce masa haka ba. Sai na juya na dafa famfo kamar ina duba shi.

Sai dai akwai abin da na sani wanda bai sani ba. Injiniya ya faɗa mini cewa injin nan ba sihiri yake yi ba, gishirin yake mayarwa kulorin ɗin nan dai, a hankali, daidai buƙata. Da na so sai in haɗiye maganar. Amma Hajiya ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Tsakaninka da Allah, babu wancan maganin a ciki?"

Na ce, "Akwai. Amma inji ne ke aunawa, ba ni ba."

"To da sauƙi. Da ma ba maganin nake tsoro ba, hannunka nake tsoro. Fara shiga mu gani."

Jama'a, ban iya ruwa ba. Ko kududdufi ban taɓa shiga ba sai da aka ceto ni. Amma ga Yaya tsaye yana jira, ga Hajiya ta riƙe ƙugu. Na tuɓe babbar riga, na yi bisimilla mai tsawo, na sauka. Na tsaya ruwa iya ƙirji, na riƙe ƙarfen gefe kamar igiyar shiga Aljanna, ina murmushin dole. Yaya ya samu kujera ya zauna yana jiran in taso ciki sama. Ban taso ba. Ido bai yi ja ba, fata ba ta yi ƙaiƙayi ba.

"Ya isa," in ji Hajiya. "Fito ka ja Yaya zaure, ka rufe mini ƙofa."

Muka zauna a zaure, ni ina ɗiga, shi yana kallon rufi. Can sai muka ji ruwa ya ce facal, sannan shiru, sannan motsi a hankali, daga wannan gefe zuwa wancan, ya kuma dawo.

Yaya ya yi gyaran murya. "Tana dai motsi?"

"Tana ma waƙa," na ce. "Kasa kunne."