Ranar da Baba ya taka ya shiga jirgin katako

Ko zan manta komai na zamana a Doha, ba zan manta yammacin Juma'ar da mahaifina ya miƙe daga keken marasa lafiya ba.

Daga Zariya muka ɗauko shi bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, muna zaune a unguwar Al Gharrafa da maigidana. Likitoci sun ce ƙafar za ta dawo idan ya dage da gashin ƙashi, idan kuwa ya ƙi, jijiyoyin za su sandare, shi da keke sai mutuwa. Baba kuwa ya ƙi. Da mai gashin ya shigo, sai ya juya fuskarsa bango. Ni ma ba baya ba ce wajen taurin kai, a wurinsa na gada. Na lallaɓa, na yi faɗa, na yi kuka, amsarsa ɗaya ce: "Ki mayar da ni gida in mutu a ɗakina."

Ranar nan maigidana ya ce mu fita da shi shan iska bakin teku, inda aka jera jiragen katako masu tafiya da ƙarfin iska. Sababbi ne, amma an ƙera su irin na mutanen da, don jama'a su shiga su gani. Ni dai ban ga abin kallo a katako ba, bin su kawai na yi.

Muna isa, ƙarnin man kifin da ake shafa wa katakon ya buge ni, na toshe hanci da gyale. Baba kuwa ya ɗago kai ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ya ce, "Matsar da ni kusa."

Wani siririn katako aka shimfiɗa daga gaɓa zuwa jirgin, da igiya a gefe. Mai gadin wurin ɗan Zangon Kumasi ne, ya ji muna Hausa ya matso. "Hajiya, keken nan ba zai hau ba, khalas, magana ta ƙare. Sai dai Alhaji ya kalla daga nan."

Na riga na ɗaure fuska zan fara masifa, sai na ji Baba ya ce, "Ƙyale shi, gaskiyarsa. Miƙo mini hannunki."

Mutumin da ya yi watanni bai tsaya ba ya kama igiya da hannu mai lafiyar, ya jingina da kafaɗata, yana jan ƙafar kamar buhun gero. Maigidana ya tallafe shi ta ɗaya gefen, mai gadi yana biye yana cewa, "Yalla, mu je Alhaji, ɗaya-ɗaya, ina bayanka." Haka har muka shiga, gumi ya jiƙa wa Baba riga sharkaf.

Ya zauna kan nannaɗaɗɗiyar igiya yana shafa katakon. A nan ya ba mu labarin da ban taɓa ji ba. Yana ƙarami iyayensa suka tafi aikin hajji a ƙasa, suka yi shekaru a hanya har Sawakin ta Sudan, suka hau irin wannan jirgi zuwa Jidda. Zazzaɓi ya kashe mahaifiyarsa a tsakiyar teku. Aka yi mata sutura, aka sallace ta, aka saukar da ita cikin ruwa. Mu abin da muka taso muna ji kawai shi ne kaka ta rasu a hanyar Makka.

"Ba ta da kabarin da zan ziyarta," in ji shi. "Ƙarnin nan shi ne na ƙarshe da na shaƙa a zaninta."

Ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a, har mai gadi yana amin yana share ido. Da ya shafa, ya dube ni. "Matar da ta tako daga Zariya har bakin teku da ni a goye, a ce ɗanta ya kasa taka tsakar ɗaki? Ki kira mai gashin nan gobe."

Yau Baba yana gida, da sandarsa yake zuwa masallaci. Har gobe ina gode wa Allah, ina gode wa maigidana da ya fitar da mu, da bawan Allahn da ya hana keke hawa.

Abin da na koya shi ne, na yi watanni ina duba ƙafar Baba, ban taɓa zama na tambaye shi abin da ke cikin ransa ba. Yanzu duk marar lafiyar da ya juya mini baya, ba na faɗa. Kujera nake ja in zauna, in ce ya ba ni labarin gidansu.