Hannun Renske

Hiske Bangma tana barin makaranta ta kama aiki wajen Douwe Roorda. A lokacin kamfanin nasa bai wuce garken shanun mahaifinsa ba, can bayan garin Sneek, an share an shafa farin fenti. Douwe dogo ne marar son magana. Aikinsa ƙera allunan kwamfuta, 'yan koraye masu faɗin tafin hannu, waɗanda ake sa wa injuna su riƙa sarrafa kansu: injin cuku, gadar da ke ɗagawa jirgin ruwa ya wuce, da manyan famfunan da ke kwashe ruwa daga gonaki. Shi ke zane, mata ke liƙa ƙananan kayan da narkakkiyar dalma.

Kujerar da ke kusa da ta Hiske ta Renske ce, wata bahaguwa mai baki, wadda kullum akwai baƙar alewa mai gishiri a kuncinta.

"Ke yarinya," in ji Renske ranar farko, "dalma kike ɗigawa ko man shanu kike shafa wa burodi? Kawo nan."

Ita ta koya mata aikin, da zagi da dariya. Ɗigon Renske ba ya ɓuya, kowanne sai ya ɗan karkata hagu kamar kan tsuntsu mai sauraro. Shekaru suka yi kafaɗa da kafaɗa, kamfani ya bar garke ya koma babban gini, allunansu suka bazu har Denmark.

A wani hunturu Renske ta fita wasan zamiya a kan tafkin da ya daskare, ƙanƙara ta fashe da ita. Ba a ga gawar ba sai da ƙanƙarar ta narke. Bayan haka alluna masu araha suka fara shigowa daga waje, Douwe ya sayar da kamfanin, masu sayen suka kwashe injuna suka rufe ƙofa. Shi ma bai daɗe ba ya rasu.

Amma allunan ba su mutu ba. Suna nan cikin akwatunan ƙarfe suna aiki, in ɗaya ya lalace sai a kawo wa Hiske ta gyara a teburin kicin ɗinta. Haka ta tsufa.

Wata shekara ruwan sama ya yi mako bai ɗauke ba. Wiebe, mai kula da ɗakin famfon ƙauyensu, ya shigo mata da rana tsaka, takalmansa duk taɓo, da allo naɗe cikin tawul.

"Tsohuwa, duba min wannan. Jiya famfo ya tsaya cak, ruwa har ya fara shiga gonar maƙwabcinmu Feike. Na ruga gida in buga waya, kafin in dawo na jiyo shi yana aiki."

"To me ka kawo min, tunda ya warke?"

"Ni dai duba."

Ta sa tabarau ta juya allon. Duk ɗigon ya dushe saboda tsufa, ban da wasu 'yan kaɗan a kusurwa, sababbi fil, suna ƙyalli. Duk sun karkata hagu. Ta kai hanci, ƙaurin ƙaron da ake haɗawa da dalma bai ko gushe ba.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Wa kuwa? Makulli ɗaya ne, ga shi a wuyana."

"Wiebe, kar ka yi min wasa."

"Kin ga na yi kama da mai wasa?"

Ta mayar masa da allon, ta ce lafiyarsa ƙalau. Da ya fita sai ta ga kofin shayin da ta zuba masa ya huce, bai ko kurɓa ba.

Daga nan abin ya yi ta faruwa. Mai gada ya kawo nasa, masu cuku suka aiko da nasu, labarin duk ɗaya: inji ya tsaya, kafin a nemo mai gyara ya tashi. Hiske ba ta gaya wa kowa abin da take gani ba. Ta je maƙabarta sau ɗaya, ta tsaya gaban kabarin Renske, ta dawo.

A lokacin tsufa ya sa hannunta ya fara rawa. Wata safiya ta yi ta fama da wani allo, dalma na zuba inda ba a so, har ta ji hawaye. Ta zare wayar ƙarfen narka dalma daga bango, ta kulle gida, ta hau keke ta tafi sayen kifi. Da ta dawo ƙofa na kulle yadda ta bar ta. Allon na kan tebur, an gama shi tsaf. Wayar na ƙasa, ba a jone ba. Ta taɓa bakin ƙarfen narka dalmar, ya ƙone mata yatsa. An kuma ɗan jawo kujerar da ke hagun tata.

Ta daɗe a tsaye, jakar kifi a hannu.

"Renske," ta ce a hankali, "ya isa haka. Je ki huta."

Ba abin da ya motsa. Sai dai ta ji kamar wani na tsaye daf da kafaɗarta yana leƙen aikin, kuma sanyi na fitowa daga gare shi.

Ranar ta kwana gidan 'yarta a garin Leeuwarden, ba ta kuma sake komawa ba. 'Yar ce ta je ta kwaso kaya, aka sayar da gidan. Masu kawo gyara suka yi ta bugo waya, Hiske ta ce idonta ya mutu, su nemi wani.

Bayan 'yan shekaru hukumar ruwa ta canza wa famfunan ƙauyen sababbin na'urori. Wiebe ya tara tsofaffin allunan a kwali ya kai mata, wai ko za ta so abin tunawa. Ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kar ka shigo min da su."

"To in kai su ina?"

"Ko'ina, ban da kusa da ruwa."

Ya kai su wurin masu narka tsohon ƙarfe a garin Drachten, ya tsaya har ya ga an juye kwalin. Hiske ta rasu a gidan 'yarta tana da shekara tamanin da 'yan kai, jikokinta biyu na gefen gado.