Sairusi, Mutumin da Ya Ƙaryata Koren Layi

Kullum da sassafe, kafin masunta su dawo, Sairusi Naivalu yakan hau tudun bayan makaranta da tsumma a kafaɗa da tsohon littafinsa a aljihu. Ya goge gishirin teku daga farantan sola, ya taɓa kowace waya, ya kori ƙadangaru daga akwatin na'ura. Sannan ya sauko ya zauna gaban kwamfuta yana kallon wani koren layi mai hawa da sauka, wanda ke nuna yawan intanet ɗin da tsibirinmu ke sha. Shekara ashirin da shida yana hawan tudun nan, tun zamanin rediyon oba-oba. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa tun da na ji hankalina ya ƙi kwanciya.

Ni manomin gwaza ne, a aji shida na tsaya. Sairusi taubashina ne, ban taɓa yabonsa a gabansa ba, shi ma ba zai yarda ba. Shi ya sa na rubuta.

Bara takarda ta zo daga ofishin masu ba mu intanet da ke Suva, babban birnin ƙasarmu. Sun ce koren layin ya nuna ko rubu'in intanet ɗin da suke ba mu ba ma sha, don haka za su rage mana zuwa rubu'i, su kai sauran wani tsibiri. 'Yata Ulamila da 'yan mata goma sha ɗaya suna karatun ungozoma ta bidiyo a zauren makaranta, saura mako bakwai su yi jarrabawar ƙarshe a gaban kyamara. In aka rage, bidiyo ba zai yi aiki ba. Jirgin ruwan da zai kai su Suva kuma sai ya ga dama yake zuwa. Karatun shekara uku ke nan zai zube.

Na bar gona na tarar da shi a ofis.

"Taubashi, kai ka kashe mu! Me ka rubuta musu?"

"Baban Ulamila, zauna kafin ka faɗi, ƙafafun nan naka kamar sandar rogo. Ban rubuta komai ba. Abin da nake gani a nan, shi suke gani a can."

"To layin nan ƙarya yake yi! Kullum da yamma zauren nan ba wurin sa ƙafa."

"Yau dai ka faɗi magana mai kai. A buga ganga."

Ashe da gaske yake. Ya ɗauki saiwar kava, wadda muke jiƙawa mu sha a taro, ya kai wa mai gari gaisuwa yadda aka saba, ya roƙi alfarma. Ranar Asabar da la'asar aka buga gangar katako, mai shela ya zaga: duk mai waya ya zo filin makaranta ya kira ɗan'uwansa na ƙetare, kuma da bidiyo. Gida nawa ne a nan ba shi da mai tsinkar tuffa a Ostireliya ko soja a Ingila? Filin ya cika maƙil.

Gwaggo Merewalesi, ƙanwar mahaifina, ta kafa wayarta a hanci tana yi wa ɗanta ihu: "Josateki! Wannan tumbin na tuffa ne ko na giya? Juya in ga wadda ke dariya a bayanka!" Mutane suka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Ina tsaye a bayan Sairusi a ofishinsa da ke bakin filin, ina kallon allo. Layin ya hau, ya hau. Da kira ya kai ɗari biyu, sai ya faɗo ƙasa tim, kamar kowa ya tafi gida.

"Shi ke nan, ta lalace," na ce.

"Yi mini shiru, ka riƙe agogo. Duk minti ɗaya ka taɓa ni."

Ya buɗe wani baƙin shafi mai lambobi zalla. Ina taɓa shi, yana kwafe lamba da biro a littafinsa. Awa biyu muna haka. Can ya ajiye biro ya yi murmushi.

"Ka ga bokitin da ke ƙarƙashin indararon gidanka? A ce duk lokacin da ya cika sai ya kife da kansa, ya soma daga farko. Kai kuma, da yake malalaci ne, sai bayan minti biyar kake leƙowa. Ana tafka ruwa, ka tarar da ɗan kaɗan a gindi. Me za ka ce?"

"In ce yayyafi aka yi."

"To haka Suva ta ce. Tun da aka ƙara mana ƙarfi, ma'aunin tsohuwar na'urar nan ya yi ƙanƙanta. Yakan cika ya koma sifili kafin a zo dubawa. Lokacin da muka fi sha, lokacin yake nuna ba ma sha."

Ya sauya wa na'urar babban ma'auni, ya sa a riƙa dubawa kowane minti. Asabar ta gaba aka sake buga ganga. Layin ya hau ya manne a sama, bai sauko ba sai da aka tashi. Ya aika wa Suva zanen farko da na biyu, da hoton shafi tara na rubutun hannunsa. Kwana goma sha ɗaya na yi ina zarya ofishinsa, har ya ce zai sa mini tabarma a ƙofa. Ran na sha biyu amsa ta zo: an janye takarda.

Sairusi, kai ne ka ƙi yarda da allo don kawai allo ne. Kai ne ka ga filin da ya cika da mutane, ka ce idonka ma shaida ne. Ba ka zagi Suva ba, ba ka ce a yi zanga-zanga ba, ka ce a riƙe maka agogo. Mai biro ɗaya, mai haƙurin tsohon masunci.

Ulamila ta ci jarrabawa. A watan jiya ita ta karɓi haihuwar jikar Gwaggo Merewalesi, ana ruwa, ba jirgi, tana magana da likita ta wannan intanet ɗin da aka so a yanke.

Duk da haka ina cikin damuwa. Za a turo wani daga birni, an ce yana da takardu da yawa. Zai hau tudu da tsumma? In layin ya sake yin ƙarya, zai gane? Ku matasanmu da ke zama a gindin mangwaro kuna latsa waya, saura mako uku. Ku je ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi, ku koyi duba abu da idonku kafin ku ce haka ne.

Na gode, taubashi. Allah ya ba gwiwoyinka hutu. Gobe zan kawo maka gwaza mafi girma a gonata, kuma na san za ka ce ƙarami ne. Ka auna shi da kanka.